Darussan Flash sun ƙi buɗewa a Windows 11: ta ina za a ɓullo musu?

Malama Ladi:
Assalamu alaikum. Ga matsala ina so masana su duba. Ɗakin kwamfuta ne na makarantar sakandare, kwamfuta 20, an sauya su daga masu Windows 7 zuwa sababbi masu Windows 11 Home, kowace da RAM giga 4. Akwai darussan kimiyya 46 da aka kwafo daga tsohon faifan CD. A cikin foldar akwai index.html guda ɗaya, sai ƙaramar folda mai fayilolin .swf, wata mai .flv, wata kuma mai .xml da .mp3. A da ana danna index.html darasi ya tashi. Yanzu a Edge da Chrome farin fili ne kawai a gurbin hoton, in kuma aka buɗe .swf ɗin kai tsaye sai burauza ta sauke shi maimakon ta kunna. An samo Flash Player, manhajar kamfanin Adobe da a da ke kunna fayilolin .swf a burauza, an ɗora, babu abin da ya sauya. Me ya rage a yi?

Baffa:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, jama'a, ba filashin waya ake nufi ba, ba kuma filashin da ake zura wa kwamfuta a kwafi fayil ba. Kada wani ya shigo yana faɗin kuɗin aiki.

Injiniya Bala:
Malama, ƙofa biyu aka kulle, ke kuma mabuɗin ta ciki kika samo alhali ta waje ma ba ta buɗe ba.

Ta waje ita ce burauza. Flash ba ya tashi shi kaɗai a cikin shafi, sai burauza ta kira shi ta wata hanya da aka tanada: ActiveX a Internet Explorer, NPAPI a Firefox, PPAPI a Chrome. Chrome ta cire tata hanyar a siga ta 88, Firefox a siga ta 85, duka a watan Janairun 2021, Edge ma ta bi sahu domin gininta ɗaya da Chrome. Saboda haka ko sau goma kika ɗora Flash, waɗannan burauzoji ba su san yana nan ba. Windows 11 kuwa tun fitowarta babu Flash a jikinta.

Ta ciki ita ce Flash ɗin kansa. Adobe ya sanar tun watan Yulin 2017 cewa zai daina kula da shi a ƙarshen 2020, sannan duk sigar da ta biyo bayan 32.0.0.371 an dasa mata agogo: daga 12 ga Janairun 2021 ba ta kunna komai, sai dai ta nuna harafin f da ƙaramar alamar i. Siga ta ƙarshe da aka saki wa duniya ita ce 32.0.0.465.

Ɗan'azumi:
To ai da sauƙi ke nan. A mayar da kwanan watan kwamfutar zuwa 2020, agogon ya ruɗe.

Injiniya Bala:
Ɗan'azumi, an gudu ba a tsira ba. Dabarar tana ruɗa agogon, gaskiya ne, amma Chrome ɗin da ba ta kiran Flash ba ruwanta da kwanan wata. Ga shi kuma duk shafin https zai fara ƙorafi, don takardar shaidarsa an bayar da ita ne bayan ranar da kwamfutar take zaton ana ciki. Da ta shaƙi intanet kuma Windows za ta gyara agogonta da kanta.

Babangida:
Ni dai a ganina ainihin Flash ɗin za a dawo da shi, domin darussan don shi aka rubuta su. Har yanzu akwai burauzojin da ba su jefar da NPAPI ba, Pale Moon da Basilisk. Ana buƙatar Flash na NPAPI, ba na ActiveX ko PPAPI ba, kuma bit ɗinsu ya zo ɗaya: burauza mai bit 64 tana neman fayil mai suna da ya fara da NPSWF64, mai bit 32 tana neman NPSWF32. A rubuta about:plugins a gurbin adireshi. In an ga Shockwave Flash a jerin, ƙofar waje ta buɗe. Agogon kuma akwai fayil mai suna mms.cfg da Adobe da kansa ya tanada don ma'aikatu, ana rubuta masa adireshin da aka yarda Flash ya yi aiki a kai. Zan kawo layukan in ana so.

Hajiya Talatu:
Malam Babangida, tsaya tukuna. Kwamfuta 20 ne a hannun ɗalibai fa. Manhajar da aka daina yi wa faci tun ƙarshen 2020, wadda ko lokacin da ake yi mata facin ta yi ƙaurin suna wajen ɓarakar da masu kutse ke bi, ita za a zuba a kowace kwamfuta? Sannan Adobe ya janye ta daga shafinsa, abin da ke yawo a intanet da sunanta kowa da abin da ya cusa a ciki. Akwai kuma sigar ƙasar Sin mai lamba 34 da wani kamfani daban ke rabawa, tana zuwa da manhajar tallace-tallace. Malama Ladi, wanda kuka ɗora ɗin nan, ki danna masa dama, ki shiga Properties, ki duba Digital Signatures. In babu sa hannun Adobe a wurin, a cire shi yau, a kuma bincike kwamfutar da Windows Security.

Hanyar da ta dace a fara da ita Ruffle ce. Manhaja ce kyauta da aka rubuta da yaren Rust, tana karanta fayil ɗin .swf ta kwaikwayi aikin Flash, a cikin burauza kuma tana gudana ne a matsayin WebAssembly, wato a cikin shingen tsaron burauzar take, ba ta da ikon da tsohon Flash ke da shi a kan kwamfuta. Da ita Internet Archive ke kunna tsofaffin wasannin Flash tun Nuwamban 2020. A ɗora ƙarinta daga ma'ajiyar Chrome ko ta Firefox a kwamfuta ɗaya, a gwada.

Malama Ladi:
Hajiya, an duba, babu wannan shafin sa hannun ma gaba ɗaya. An cire shi. An ɗora Ruffle a Chrome, amma da aka danna index.html farin filin yana nan.

Hajiya Talatu:
Dubi gurbin adireshi, na san da file:/// ya fara. Nan gizo ke saƙa. Shafin da aka buɗe kai tsaye daga kan faifai, burauza ba ta barin sa ya janyo wasu fayilolin da ke kusa da shi yadda Ruffle ke buƙata. Maganin shi ne a sa kwamfutar ta zama sabar kanta. A ɗora Python, a tabbatar an yi alama a akwatin Add python.exe to PATH a shafin farko na ɗorawar. A shiga foldar da index.html yake, a danna gurbin adireshin foldar a sama, a rubuta cmd a buga Enter. A baƙin allon da ya fito a rubuta:

python -m http.server 8000

Kada a rufe baƙin allon, shi ne sabar. Sai a koma Chrome a rubuta http://localhost:8000 a gani.

Malama Ladi:
Alhamdu lillahi, jerin darussan ya fito. An bi su ɗaya bayan ɗaya. 31 suna aiki da sauti da komai. 9 suna tsayawa a wurin da ake nuna ana lodi, ba sa wucewa. 6 kuma na bidiyo ne, akwatin yana fitowa baƙi.

Babangida:
Kun gani ko? Mai kwaikwayo ai ba ya zama mai abu.

Injiniya Bala:
Kada a yanke wa Ruffle hukunci tun ba a ji ta bakinta ba. Tsayawa a wurin lodi sau da yawa ba gazawar mai kunnawa ba ce, fayil ne darasin ke nema bai samu ba. Malama, a buɗe ɗaya daga cikin taran, a danna F12, a shiga Network, a sake loda shafin. Duk layin da ya yi ja da lamba 404, a duba wane fayil ake nema kuma a wace folda. Baƙin allon Python ma yana rubuta kowace buƙata da lambarta, ana iya karantawa daga can.

Akwai wata ƙa'ida ta Flash da ke yawan kayar da mutane. In darasi ya ce yana son data/darasi3.xml, ba daga inda .swf ɗin yake ake fara lissafin hanyar ba, daga inda shafin HTML ɗin da ya ɗauke shi yake ne, sai fa in an saka wa shafin wani layi mai suna base da ya faɗi wata foldar. Shi ya sa in an kwafi faifai aka sauya tsarin foldoji ko da kaɗan, ko aka buɗe .swf shi kaɗai daga cikin ƙaramar foldarsa, sai ya nemi kayansa a inda babu su. Wani lokacin kuma mai rubuta darasin ya kafe hanyar ne da harafin faifan CD, kamar D:, wannan sai an buɗe .swf ɗin an gyara.

Malama Ladi:
Gaskiyarka, Injiniya. Biyar daga cikinsu suna neman folda mai suna audio, a kwafin kuwa duk .mp3 ɗin an haɗe su da .xml a folda ɗaya. An ƙirƙiri audio an mayar da su, biyar ɗin sun tashi. Sauran huɗun babu ja ko ɗaya, amma ba sa motsi.

Hajiya Talatu:
To waɗannan huɗun su ne na bincike. A koma F12, wannan karon Console, Ruffle tana rubuta gargaɗi idan ta ci karo da abin da ba ta iya ba tukuna. Flash yana da yaren umarni iri biyu a aikace. Tsohon, ActionScript 1 da 2, Ruffle ta daɗe da ƙwarewa a kansa. Sabon, ActionScript 3, wanda ya zo da Flash Player 9 a 2006, an ci ƙarfinsa amma akwai sassan da ba a kammala ba. In ana son sanin wanne ne darasi ke amfani da shi, a buɗe shi da JPEXS Free Flash Decompiler, tana nunawa, kuma da ita ake gyara kafaffiyar hanyar da Injiniya ya ambata. Kafin a fid da rai, a sauko da sabon ginin Ruffle daga shafinta, domin ana yawan sabunta ta, abin da ya ƙi a watan jiya yana iya tashi a wannan.

Ɗan'azumi:
A gafarce ni in ɗan ratse. Na'urar kyamarar tsaro ta shago, tsohuwar DVR, da ke cewa a ɗora filogin kafin a ga hoto a burauza, ita ma Ruffle ce maganinta?

Injiniya Bala:
A'a, yawancin waɗannan ActiveX ne, ba Flash ba. A Edge ka shiga edge://settings/defaultbrowser, ka yarda a riƙa buɗe shafuka a yanayin Internet Explorer, ka ƙara adireshin na'urar a jerin. Bayan kwana 30 yake fita daga jerin, sai ka sake sakawa, kada ka ce ta lalace. In kallo kawai kake so, ka bar burauza: VLC tana karɓar hoton ta RTSP a tasha ta 554. A na'urorin Hikvision, bayan adireshin sai /Streaming/Channels/101 don kyamara ta ɗaya mai cikakken hoto, 102 don ƙaramin hoto. Ka buɗe sabon zare in kana son ƙarin bayani, kada mu janye wa Malama hankalin jama'a.

Baffa:
Mu dawo kan bidiyo shidan, don su ne mafi sauƙi. Fayil ɗin .flv ba ya buƙatar Flash ko kaɗan, .swf ɗin da ke gabansa kwali ne kawai mai maɓallin kunnawa da tsayarwa. VLC tana buɗe .flv kai tsaye. Amma don ɗalibi ya gan shi a cikin shafi, gara a juya shi zuwa .mp4 sau ɗaya a huta. A ɗora ffmpeg, manhajar juya bidiyo daga wani tsari zuwa wani, a fara leƙa cikin fayil ɗin:

ffprobe darasi.flv

In ya nuna h264 da aac, babu buƙatar sake sarrafawa, mazubi kawai za a sauya, daƙiƙoƙi ne kuma hoton ba ya raguwa:

ffmpeg -i darasi.flv -c copy darasi.mp4

In kuwa ya nuna flv1 ko vp6f, wanda shi ya fi yawa a faya-fayan wancan zamanin, burauza ba za ta kunna su ba ko an zuba su a .mp4, dole a sake sarrafawa. Wannan layin zai bi duk foldar:

for %f in (*.flv) do ffmpeg -i "%f" -c:v libx264 -crf 23 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 96k "%~nf.mp4"

Abu biyu ke kawo cikas. In an zuba layin a fayil ɗin .bat, kowace alamar % sai ta zama biyu. In kuma ffmpeg ya ce faɗi ko tsawon hoton ba ya rabuwa da 2, a ƙara -vf "scale=trunc(iw/2)*2:trunc(ih/2)*2" kafin sunan fayil na ƙarshe. Daga nan a buɗe shafin darasin da Notepad, a cire tulin object da embed, a maye gurbinsu da layi ɗaya na video mai controls da sunan sabon fayil.

Malama Ladi:
vp6f ya nuna duka shidan. An juya su, suna aiki har a waya. Yanzu saura huɗu. Sabon ginin Ruffle ya tashi ɗaya. Ukun da suka rage gwaje-gwajen lantarki ne da ɗalibi ke jan waya yana haɗawa da batir, su ne kuma malaman Fiziks suka fi so.

Babangida:
To Hajiya, yanzu an zo wurina ko da saura?

Hajiya Talatu:
Saura mataki ɗaya, Malam. Akwai Flash mai zaman kansa, flashplayer_32_sa.exe, ba a ɗora shi, ba ya shiga burauza, kuma agogon nan bai shafe shi ba. Ana jan .swf a jefa a kansa. Sharaɗin sa hannun Adobe yana nan a kansa shi ma. Inda yake gazawa shi ne darasin da ke magana da shafin da ya ɗauke shi ta JavaScript, domin a nan babu shafi. A JPEXS a nemi kalmar ExternalInterface a cikin umarnin darasin. In tana nan, da wuya ya yi aiki shi kaɗai.

Malama Ladi:
Ɗaya ya tashi da shi. Biyun suna da wannan kalmar, kuma sun tsaya cik kamar da.

Hajiya Talatu:
Shi ke nan, Malam Babangida, bismilla. Amma a kwamfutar malami kaɗai, a haska wa ɗalibai da majigi. Da RAM ya kai giga 8 da na ce a rufe shi a cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata Windows a cikin wadda ake da ita, da Windows 7 marar intanet. A giga 4 kuwa Windows 11 ita kanta da ƙyar take numfashi, ba a ɗora mata wata a kai.

Babangida:
Na karɓi sharaɗin. Wasu za su ce a nemi sigar 32.0.0.371 tunda ba ta da agogo. Ni ban goyi baya ba, don za ta kunna Flash na kowane shafi da aka shiga. Gara 32.0.0.465 mai kulle, a ba ta mabuɗin ɗaki ɗaya. A buɗe Notepad da ikon mai gudanarwa, wato a danna mata dama a zaɓi Run as administrator, a rubuta:

EOLUninstallDisable=1
AutoUpdateDisable=1
EnableAllowList=1
AllowListUrlPattern=http://localhost:8000/

Layin farko yana hana ta damun mutum da tayin a cire ta, na biyu yana hana ta neman sabuntawa, na uku da na huɗu su ne ke cewa kada ta kunna komai sai abin da ya fito daga wannan adireshin. A adana da sunan mms.cfg, tsarin rubutu UTF-8. Wurin ajiyar kuwa: a Windows mai bit 64 irin Windows 11, Flash yana karantawa daga C:\Windows\SysWOW64\Macromed\Flash, a Windows mai bit 32 kuma daga C:\Windows\System32\Macromed\Flash.  Mafi sauƙi a ajiye kwafi a duka biyun. A rufe Pale Moon gaba ɗaya a sake buɗewa, kuma kada a ɗora mata Ruffle, in ba haka ba ita za ta riga Flash karɓar fayil ɗin.

Malama Ladi:
about:plugins ya nuna Shockwave Flash, sa hannun ma na Adobe ne wannan karon, amma harafin f da alamar i ne ke fitowa a gurbin darasin.

Babangida:
Alamar nan ci gaba ce, tana nufin burauza ta kira Flash ya amsa, mms.cfg ne bai karanta ba ko adireshin bai zo ɗaya ba. A File Explorer a shiga View, Show, a kunna File name extensions. Ina kyautata zaton za ki ga mms.cfg.txt, don Notepad na liƙa .txt a ɓoye in ba a zaɓi All files wajen adanawa ba. A kuma lura: localhost da 127.0.0.1 kwamfuta ɗaya suke nufi, amma a wurin jerin izinin rubutu biyu ne daban. Abin da aka rubuta a fayil shi za a rubuta a burauza.

Malama Ladi:
mms.cfg.txt ne kuwa. An goge wutsiyar, duka biyun sun tashi. Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: sauran kwamfuta 19 ɗin, sai an bi kowace an ɗora Python da Ruffle?

Injiniya Bala:
A'a. Kwamfutar malami ta zama sabar kowa, muddin suna kan rauta ɗaya, ko da babu intanet. A rubuta ipconfig a wani sabon baƙin allo a ɗauki lambar IPv4, misali 192.168.0.10, a kafe ta a rauta don kada ta sauya gobe. Ɗalibai su rubuta http://192.168.0.10:8000 a burauzarsu. In ya ƙi, katangar tsaron Windows ce: a mayar da hanyar sadarwar ta zama Private, a ba Python izini a kanta. Maimakon ɗora ƙarin Ruffle a kowace kwamfuta, a sauko da kunshinta na masu shafi, a zuba a folda mai suna ruffle kusa da index.html, a saka layin script mai kiran ruffle/ruffle.js a saman head, gaban duk wani script, musamman swfobject, don shi ne ke duba ko akwai Flash kafin ya nuna darasi. Kowane shafin HTML mai ɗauke da .swf sai ya sami layin, ban da shafukan darussa biyun can na Pale Moon.

Hajiya Talatu:
Sannan a ɗaure Pale Moon ɗin. A buɗe Windows Defender Firewall with Advanced Security, Outbound Rules, New Rule, Program, a nuna palemoon.exe, a zaɓi Block the connection. A maimaita wa plugin-container.exe da ke foldarta, don a cikinsa Flash ke gudana. localhost zai ci gaba da buɗewa tunda bai fita daga kwamfutar ba. A gwada buɗe kowane shafin intanet da ita bayan haka, in ya ƙi, ƙa'idar ta kama.